In Maganin Feshi Ko Famfo Ya Cuce Ka, Wa Zai Biya?

Ya kai mai noman auduga, ka san dai ba a cin ribar gona sai da feshi. Tun daga fitar fure har kwaɗo ya fashe kana goye da famfo a bayanka. To, wani lokaci sai famfon ya zama mai yoyo tun daga wurin ƙira, magani ya jiƙa maka baya, fata ta saluɓe. Wani lokaci kuma gwangwanin maganin ne jabu, ko kwanansa ya wuce, ko takardar da ke jikinsa ba ta faɗi haɗarinsa ba. Mutum ya kwanta ciwo, aikin damina ya tsaya. Da yawa sukan ce ƙaddara ce, su yi shiru. Ka sani doka ta ba ka hakki, amma ba ya samuwa sai da shaida.

Abin da doka ta ce

A Nijar da Cadi da sashen Kamaru mai bin tsarin Faransa, alƙalai suna aiki da littafin dokar zaman jama'a wanda aka gada daga Faransa. Asalinsa tun shekarar 1804 ne. Sashe na 1382 ya nuna duk wanda ya jawo wa wani ɓarna ta wurin laifinsa, tilas ya gyara ɓarnar, watau ya biya diyya. Sashe na 1641 kuwa ya ɗora wa mai sayarwa nauyin ɓoyayyen aibi, irin wanda ke hana kaya yin aikin da aka saye su dominsa. Mai saye yana da zaɓi biyu: ya mayar da kayan a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe su a rage masa kuɗi. In kuwa mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, sashe na 1645 ya ce zai biya har da hasarar da aibin ya jawo. Wannan ba baƙon abu ba ne gare ka, gama malamai ma sun san mayar da haja saboda aibi. Bayan haka Kamaru ta kafa dokar kare mai saye ranar 6 ga watan Mayu, 2011.

Diyya ba kuɗin gwangwani kaɗai ba ne. Tana iya haɗawa da kuɗin magani, da na mota zuwa likita, da kwanakin da ka yi ba ka aiki, da nakasa in ta samu.

Mene ne aibi?

Aibi iri uku ne. Na fari, kayan sun lalace tun daga masana'anta, kamar famfon da murfinsa ba ya rufuwa. Na biyu, abin da ke ciki ba shi ne aka rubuta a waje ba. Na uku, ba a gargaɗe ka yadda ya kamata ba.

Kada ka raina na ukun nan. A shekarar 2004 wani manomin hatsi a Faransa ya buɗe tankin feshinsa, ya shaƙi tururin maganin ciyawa mai suna Lasso, ya kwanta asibiti. Ya kai ƙarar kamfanin Monsanto. Alƙalai suka ga takardar jikin maganin ba ta yi gargaɗi sosai a kan haɗarin shaƙar tururin ba. Babbar kotun Faransa ta tabbatar da hukuncin a watan Oktoba, 2020. Dokar da aka yi masa shari'a da ita ta Turai ce, amma darasin naka ne: shekaru da yawa ya yi yana nema, abin da ya tsaya masa kuwa shi ne takardun likita da shaidar maganin da ya yi aiki da shi.

Tun ranar saye ake shirin shari'a

Sayi magani wurin ƙungiyarku ta manoma, ko wurin ɗan kasuwa mai izini wanda ka san rumfarsa. Karɓi rasit mai suna da kwanan wata. In bashi ne aka ba ka za a cire ranar awon auduga, ka tabbata an rubuta sunan maganin da yawansa cikin littafin ƙungiya.

Dubi jikin gwangwani, ko ka sa ɗanka mai karatu ya duba maka. Akwai sunan kamfani? Akwai lambar izini, da lambar rukunin da aka yi shi ciki, da ranar yi? Galibin magungunan nan shekara biyu ne kwanansu daga ranar yi. A Nijar da Cadi, kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, mai ofis a Bamako, shi ke ba da izini. Kamaru tana da nata kwamiti.

Kwamitin nan na Sahel ya hana endosulfan a shekarar 2007. Kafin haka, a daminar 1999 zuwa 2000, an ƙidaya mutum 37 da maganin nan ya kashe a lardin Borgu na ƙasar Benin, ƙasar auduga irin taku. A 2011 ƙasashen duniya suka yarda a daina shi. Wanda ya kawo maka shi yau, kayan haram ya kawo. Haka nan maganin da aka ɗura cikin kwalbar lemo ana sayarwa ranar kasuwa. Araha ba ta ado. Gobe in ya cuce ka, wa za ka kama? Mai shi ya hau babur ya tafi.

In abin ya auku

1. Rai ne gaba. Tuɓe tufafin, wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu. Kada a ba ka madara ko mai. A kai ka likita nan da nan, a tafi da gwangwanin don ma'aikaci ya san irin dafin.

2. Roƙi takardar likita mai nuna rana, da irin ciwon, da kwanakin hutun da aka ba ka. Ajiye rasit na kowane magani.

3. Kada ka jefar da gwangwanin ko famfon, kada ka kai a gyara, kada ka mayar wa mai sayarwa kafin malamin gona ya gani ya rubuta. Ɗaure su cikin leda, ka ajiye nesa da yara da abinci. In da waya, a ɗauki hoton raunin da na kayan.

4. Riƙe sunayen waɗanda ke wurin, su ne shaidunka.

5. Faɗa wa malamin gona da shugaban ƙungiya a ranar. Watakila akwai wasu da suka sami kaya daga rukunin nan, a tsayar da su kafin su cutu.

6. Je wurin mai sayarwa tare da shaidu biyu, ka nemi hakkinka da lalama. In an yi sulhu, a rubuta. Kada ka dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta maka ba. In ya ƙi, sai kotu. Kada ka yi jinkiri, gama dokar ɓoyayyen aibi ta ce a kai ƙara cikin ɗan lokaci kaɗan. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Naka nauyin

Alƙali zai tambaye ka kai ma. Ka bi awon da aka rubuta? Ka rufe jikinka, da hanci, da hannu? Ko kuwa ka yi feshi kana fuskantar iska, ka busa bakin famfo da bakinka, ka zuba ruwan sha cikin tsohon gwangwani? In laifinka ya shiga ciki, za a rage diyyar, ko ka rasa ta duka.

Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, kamfani kuwa yana da lauyoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi guda ana iya sallamarsa da baki, amma ƙungiya mai littafi, da gwangwanaye goma masu lamba ɗaya, da takardun likita, tilas a saurare ta. Saboda haka a taronku na gaba ku zaɓi mutum ɗaya mai riƙon rasit da lambobin kayan da kuka karɓa bana.

Allah ya kiyaye, ya ba mu damina mai albarka.