Mai riƙe da jadawali a Abuja shi ke riƙe da ƙofa

A ranar Litinin, 16 ga Oktoban 2023, Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya fito daga zaman Majalisar Zartaswa ta Tarayya ya shaida wa manema labarai cewa daga yanzu majalisar za ta riƙa zama ne ranar Litinin maimakon Laraba, kuma ba lallai ne a zauna kowane mako ba. Sanarwar gajeriya ce, amma ta taɓa kusan kowane ofishi a Sakatariyar Tarayya.

Tun zamanin Obasanjo har zuwa ƙarshen mulkin Buhari, Laraba ce turken da makon Abuja ke ɗaure a kai. Kowa ya san minista ba ya ganuwa a wannan rana, ya kuma san cewa Litinin da Talata na kammala takardun da za a gabatar wa majalisar ne. Da turken ya koma Litinin, sai aikin shiri ya faɗa kan Juma'a da ƙarshen mako. Daga baya ma an sha yin zaman a wasu ranakun daban, kuma duk sanda aka yi hakan, ganawar da minista ya ɗaukar wa wani alkawari ita ce ke fara rushewa, ta babban sakatare ta biyo baya, sannan ta darakta. Wanda ke ƙasan wannan tsani, wato ɗan kwangila ko tawagar dattawa da ta taso daga Sakkwato ko Maiduguri, shi ne ke biyan kuɗin ƙarin kwana a otal.

Lokacin manya ba ya isar masu nemansa, saboda haka dole wani ya tsara shi. A Fadar Shugaban Ƙasa wannan aiki na Shugaban Ma'aikatan Fada ne, muƙamin da Manjo Janar Abdullahi Mohammed mai ritaya ya riƙe daga 1999. A watan Agustan 2019, a ƙarshen taron bita da aka shirya wa sababbin ministoci, Shugaba Muhammadu Buhari ya umarce su da su riƙa miƙa buƙatar ganawa da shi ta hannun Abba Kyari, al'amuran Majalisar Zartaswa kuma ta hannun Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan umarni, wasu na ganin an fifita naɗaɗɗen ma'aikaci a kan ministocin da Majalisar Dattawa ta tantance.

Ta fuskar aiki zalla, umarnin yana da hujja. Ministoci sun haura 40. Idan kowannensu yana da hanyarsa ta shiga, za a wayi gari an ba mutum uku sa'a guda. Duk sakataren da ya goge ya san cewa jadawali biyu ga mutum ɗaya shi ne mafarin rikici. Sai dai ƙofa ɗaya tana da nata haɗarin, domin mai gadinta ne ke zaɓen maganar da za ta kai kunnen shugaba da wadda za ta tsaya a waje. A watan Yulin 2024, Sanata Ali Ndume ya koka cewa hatta wasu ministoci ba sa samun ganin Shugaba Tinubu, kuma ba a jima ba aka sauke shi daga muƙamin Mai Tsawatarwa na Majalisar Dattawa. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, koken ya nuna cewa tsara ganawa a Abuja siyasa ce tsagwaronta.

Babban Bankin Najeriya ya nuna ɗaya fuskar al'amarin. Kwamitinsa mai tsara manufofin kuɗi kan zauna duk bayan wata biyu, ana kuma fitar da ranakun zaman na shekara tun da wuri, domin bankuna da masu zuba jari su yi lissafinsu. A 2023, bayan zaman watan Yuli, an ɗage na Satumba, ba a kuma yi na Nuwamba ba, a daidai lokacin da Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin, naira na faɗuwa, farashi na hawa. Sai a ranakun 26 da 27 ga Fabrairun 2024 kwamitin ya sake zama, inda ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 22.75 cikin ɗari a tashi guda. Wata bakwai kasuwa na jiran taron da aka riga aka sa wa rana.

A ƙananan ofisoshi, dabarun da ke ceton jadawali ba su da wani asiri. Ana fara kafa ranakun da ba sa motsi, a gina sauran a gefensu: zaman Majalisar Dokoki daga Talata zuwa Alhamis, taron wata-wata na Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagoranta da gwamnoni 36, da zaman rabon kuɗin Asusun Tarayya. Mai neman ɗan majalisa a ofishinsa ranar Juma'a, sau da yawa zai tarar ya kama hanyar mazaɓarsa. Ana barin tazara tsakanin ganawa da ganawa, domin mai tasowa daga Maraba da Nyanya ko Kubwa da safe bai da iko da cunkoson hanya, filin jirgin Nnamdi Azikiwe kuma yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Ana rubuta dalilin kowace ganawa a gefen sunan mai zuwa, don a bambanta wanda ya zo gaisuwa da wanda ya zo da takardar da ke jiran sa hannu. Sannan a kira baƙo kafin ya hau mota daga garinsu, ba bayan ya iso ɗakin jira ba. Manhajar kalanda a waya tana sauƙaƙa duk wannan, amma ba ita za ta ce wa aminin maigida da ya faɗo ba sanarwa ya jira ba.

Akwai kuma ranar da babu ofishin da ke da iko da ita. Hutun Sallah yana rataye ne da ganin wata, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanarwa daga Sakkwato. A Afrilun 2024, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ayyana Talata 9 da Laraba 10 a matsayin hutun Ƙaramar Sallah. Da ba a ga wata ba, azumi ya cika 30, sai aka ƙara Alhamis 11 ga wata, duk wanda ya sa taro a wannan rana kuma ya koma neman wata ranar.