Daga takobi zuwa samanja: abin da kalmomin yaƙi ke faɗa game da tarihin Hausa

Sojan da ke barikin Rukuba a Jos, mazaunin Runduna ta Uku ta sojojin ƙasa, yana furta kalmomin da suka shigo Hausa a zamanin Turawa: soja, bariki, kofur, saje, samanja. Duk daga Ingilishi suke. A ƙarƙashinsu kuma akwai waɗanda suka girme su da ɗaruruwan shekaru.

Bindiga daga Larabci ta zo. Takobi ɗan'uwan "takoba" ne na Abzinawa. Lifidi, rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayinsa, asalinsa Larabci ne, kuma Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Sarautu irin su Galadima da Ciroma daga Barno aka aro su. Wato da dama daga cikin kalmomin rundunar dawaki da ta fada baƙi ne, sun biyo hanyoyin fatauci.

Tambaya mai wuya ita ce: me Hausa ta gada tun asali? A nan Filato ke da muhimmanci. Ngas da Mwaghavul da Goemai da Ron duk harsunan Cadi ne na yamma, dangin Hausa, saɓanin Berom da ke cikin wani gida dabam. Masana irin su Paul Newman, a aikinsa na 1977, sun kwatanta kalmomin waɗannan dangi domin gano tushensu. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne, domin Hausa ta zama harshen kasuwa a Filato, kuma kalmar da aka ji a ƙauye tana iya zama aro na jiya.

Irin wannan bincike ake yi kan harsunan Tungus na Sibiriya da arewa maso gabashin Sin. A harshen Mancu, "niru" kibiya ce ta farauta, sai ta zama sunan rukunin mayaƙa ɗari uku a rundunar Nurhaci farkon ƙarni na 17. Kafin a yi irin wannan hukunci kan baka da kibiya da mashi, sai an rubuta sunayensu daga bakin dattawan Pankshin da Mangu da Shendam, inda yara da yawa suka koma magana da Hausa.