Masu Gudun Kwalta: Tseren Keke a Hanyar Tsakuwa

Da sanyin safiyar wata Asabar a watan Yuni na 2023, dubban mahaya keke suka tashi daga wani ƙaramin gari mai suna Emporia a jihar Kansas ta Amurka. Ba su kai kilomita 20 ba suka faɗa cikin taɓo. An yi ruwa kafin ranar, hanyar kuma ta yumɓu ce, irin mai manne wa duk abin da ya taɓa ta. Laka ta cika tsakanin taya da jikin keke har taya ta daina juyawa. Zakarun da suka zo daga ƙasashe masu nisa suka sauka, suka saɓa kekuna a kafaɗa suna tafiya a ƙasa. Wasu suka zaro 'yan sandunan katako na motsa fenti, waɗanda suka taho da su musamman, suna kankare laka. Wasu kuwa a nan tserensu ya ƙare, don laka ta fizge musu giya.

Sunan wannan gasa Unbound Gravel, kuma ita ce mafi shahara a wasan da ake kira tseren keke a kan tsakuwa, wato a hanyoyin karkara da ba su da kwalta. Babban zangonta mil 200 ne, kimanin kilomita 320, a yini ɗaya. Ku kwatanta da tafiya daga Kano zuwa Katsina da dawowa. Kaɗan ya rage ta kai hakan.

Me zai sa mutum ya bar titi mai santsi ya nemi gargada? Babban dalili shi ne mota. Mai keke a babban titi kullum kunnensa na baya, yana sauraron abin da ke tahowa. A hanyar gona kuwa sai ya yi awa guda bai haɗu da komai ba sai shanu da iska. A 2006 wasu abokai biyu, Jim Cummins da Joel Dyke, suka shirya tseren farko a Emporia, mutum 34 kacal suka fito. Yau masu son shiga sun yi yawan da sai an yi ƙuri'a kafin a ba mutum gurbi. Da farko ana kiran gasar Dirty Kanza, amma Kanza sunan wata ƙabila ce ta 'yan asalin yankin, kuma haɗa shi da kalmar da ke nufin dauɗa bai yi wa mutane da dama daɗi ba. A 2020 aka sauya sunan.

Yankin da ake tseren ana ce masa Flint Hills, ma'ana tuddan dutsen ƙyastu. Dutse ya yi yawa a ƙasar har garma ta kasa shiga, shi ya sa aka bar ta makiyaya, ciyawa iya ganinka. Wannan dutsen dai shi ne shimfiɗe a kan hanya, kuma idan ya fashe bakinsa kamar reza yake. Yana tsarge taya daga gefe. Don haka duk abin da ya bambanta keken tsakuwa da sauran kekuna daga taya ya faro.

Tayar keken tsere na titi siririya ce, faɗinta bai fi milimita 25 zuwa 30 ba. Ta keken tsakuwa takan kai 40 zuwa 50. Abin da zai ba ku mamaki shi ne ba a cika ta da iska tam. Da yawa daga cikinmu mun taso da tunanin cewa taya mai tauri ita ce mai gudu, kuma a kan kwalta mai santsi akwai gaskiya a ciki. A kan gargada lissafin ya sauya. Taya mai tauri idan ta ci karo da dutse sai ta yi tsalle, keke da mahayinsa su ɗaga sama, ƙarfin da ya kamata ya tura su gaba ya tafi wajen jijjiga. Taya mai ɗan laushi kuwa lanƙwasa take yi ta haɗiye dutsen ta wuce, kuma ta fi kama ƙasa a kwana. Duk wanda ya taɓa rage iska don ya ratsa rairayi ya san wannan darasi tun kafin malamin kimiyya ya zana shi a allo.

Sai dai rage iska na da nasa sharrin. Idan akwai tiyub a ciki, dutse kan matse shi a jikin ƙarfen taya ya huda shi wuri biyu. Maganin da aka samo shi ne a cire tiyub ɗin gaba ɗaya, a zuba wani farin ruwan roba a cikin taya. Da zarar wani abu ya soke ta, iskar da ke fita sai ta turo ruwan zuwa ramin, ya daskare ya toshe shi, sau da yawa mahayi bai ma sani ba. Idan ramin ya yi girma, sai ya cusa ɗan zaren roba mai danƙo ya ƙara iska ya ci gaba.

Kuma shi da kansa zai yi. A manyan tseren titi irin na Faransa, motoci na bin 'yan wasa ɗauke da makanikai da kekunan canji. A Emporia babu wannan gata. Ba a yarda wani ya taimake ka daga waje ba sai a 'yan wuraren da aka keɓe, tsakaninsu kuwa tafiyar awowi ce. Ruwanka da abincinka, famfo da kayan faci, duk a jikinka. A ganina wannan ne ya fi komai kyau a wasan: zakaran duniya ma sai ya zama mai facin kansa, ya durƙusa a bakin hanya hannu duk baƙin mai. Duk da haka gudun da suke yi ba na wasa ba ne. Colin Strickland ne ya fara gama mil 200 ɗin cikin ƙasa da awa 10, a 2019. A 2024 Lachlan Morton ɗan Ostireliya ya gama cikin awa 9 da minti 11, wato kusan kilomita 35 a kowace awa, tun safe har la'asar.

Wasan ya girma har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fara shirya masa gasar duniya a 2022 a Italiya. Afirka ma ba a bar ta a baya ba, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda irin hanyar da Turawa ke biyan kuɗin jirgi su je nema, ita ce ɗalibai da yawa a nan ke bi kowace safiya zuwa makaranta. Tun 2021 ake yin gasar Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya, kwana huɗu ana tafiya a dajin da raƙuman dawa da jakunan dawa ke kiwo. Akwai kuma ƙungiyar Team Amani, wadda ta tattaro matasa daga Kenya da Uganda da Ruwanda don su samu damar karawa da manyan 'yan wasa.

Wanda ya jagoranci wannan ƙungiya a fagen tsere kafin rasuwarsa shi ne Sule Kangangi ɗan Kenya. A watan Agusta na 2022 ya je da abokansa wata gasar tsakuwa a jihar Vermont ta Amurka. Yana cikin gudu mai tsanani ya faɗi, kuma raunin ya yi ajalinsa yana da shekara 33. Rashin mota a hanya bai kawar da haɗari ba: tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin taya, musamman a gangara da kwana, kuma idan aka matse birkin gaba da ƙarfi a irin wannan wuri keke kan kwanta nan take. Shi ya sa ba a barin kowa ya shiga waɗannan gasanni ba tare da hular kwano ba.

Wanda ya lashe tseren na Vermont a wannan rana shi ne John Kariuki, abokin Sule a Team Amani. Ƙungiyar ba ta watse ba bayan rasuwarsa, kuma 'yan wasanta na ci gaba da fitowa a gasar Masai Mara da ta Emporia.