Yadda A Ke Gane Tsohon Dinari

A Taura da sauran garuruwanmu, in za a ɗaura aure, malamai su kan ce mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. To, mene ne dinari?

Dinari kuɗin zinariya ne. Halifa Abdulmalik ɗan Marwana shi ya sa aka fara buga mai rubutu zalla, cikin shekara ta 77 ta Hijira, watau wajen 697. Nauyinsa miskali guda ne.

Masana su kan tara irin waɗannan kuɗi, su binciki asalinsu. Da fari su auna nauyi, sa'an nan su karanta rubutun gefe, gama nan a ke sa shekarar bugu. Amma rubutu ya kan ruɗi mutum. A gidan tarihi na London akwai dinari mai rubutun Larabci, alhali kuwa Offa, wani sarki na Ingila, shi ya sa aka kwaikwaya.

Wani kuma ba shi da rubutu sam. Cikin 1068 al-Bakri ya ce haka dinarin Tadmakka ya ke, a ƙasar Mali ta yau. Cikin 2005 aka tono mazubansa na yumɓu a can, suka gaskata shi.

Saboda haka, in ka tono tsohon kuɗi a gona, kada ka kai wa maƙeri. Lura da inda ka same shi, ka sanar da gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano. In aka narkar da shi, zinariya na nan, amma labarinsa ya ɓace.