Mai sefa a ƙasar naira: lissafin da Adarawa ke yi yanzu

Tun kaka da kakanni mutumin Adar, a ƙasar Nijar, ya san hanyar kudu. Da an ɗaure damman gero a Buza ko Keita, samari sai su ɗauki ƙunshinsu su nufi Sakkwato, Kano ko Legas, masu dogon zango kuma su zarce Abijan. Tudun duwatsun nan ba ya ciyar da gida wata goma sha biyu, ko bayan aikin farfaɗo da ƙasa da Italiya da hukumar FAO suka fara a Keita a 1984. Tsarin a fili yake: a je Najeriya bida da ƙuruciya, a komo gida a tsufa.

Shekarar 2023 ce ta birkita wannan tsari. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma babban bankin Najeriya ya sakar wa naira mara. Sefa tana ɗaure da yuro, don haka ba ta bi naira ƙasa ba. Jika guda, wato sefa dubu, wadda a farkon shekarar ba ta wuce naira dubu da 'yan kai ba a hannun 'yan canji, ta haura naira dubu biyu a 2024.

Wanda ya fara jin jiki shi ne ɗan ci-rani. Mai shayi ko mai turin ruwa a Kano yana aikin da ya saba, amma in ya zo teburin ɗan canji a Illela ta bakin iyaka, damin nairar da ya tara da ƙyar ya zama 'yan takardun sefa da ba su cika aljihu ba. Shi ya sa samari ke ƙara karkata ga Libiya, Aljeriya, wuraren haƙar zinariya na Agadas da kuma Kwaddibuwa; a wurare biyun ƙarshe da sefa ake biya.

Ga wanda kuɗinsa ke shigowa da sefa kuwa, ƙofa ce ta buɗe. Ɗauki dattijon da ya ajiye aikin gwamnati yana karɓar fansho, ko wanda 'ya'yansa ke aiko masa daga Abijan, ko dillalin albasar Madawa. Irin waɗannan in suka tsallaka iyaka, kuɗin haya da na makarantar yara da na magani sai su yi musu sauƙi. Ba baƙunta za su yi ba, domin harshe ɗaya ne, malamai ɗaya, ga surukai da 'yan uwa da suka daɗe a can. Ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, abin da mai hawan jini ko ciwon suga ba ya rainawa.

Duk da haka, a ganina masu cewa "Najeriya ta yi araha" rabin lissafi suke yi. Canji ya ba da da hannun dama, kasuwa ta karɓe da na hagu: a Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kusa kashi 35 cikin ɗari, litar fetur kuma ta haura naira dubu a wurare da yawa. A cikin wannan shekarar kuwa, hukumomin Yamai sun sauko da litar zuwa sefa 499, sun kuma rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Tazarar ta ragu ƙwarai.

Sai batun tsaro, wanda ba ya shiga teburin ɗan canji. Garin Bangi na cikin Madawa yana kallon Sabon Birni ne, kuma a Nuwamban 2021 kaɗai hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga 'yan Najeriya fiye da 11,500 da suka tsero wa 'yan bindiga zuwa ƙauyukan wannan yanki. Mutumin Madawa ya ga waɗanda suka baro ƙasar arahar da tabarma a ka, ba labari aka ba shi ba. Iyaka ma ba ta da tabbas. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025. Tsofaffi ba su manta korar baƙi ta zamanin Shagari a 1983 ba.

Saboda haka ƙaurar da ake yi rabi da rabi ce. A kama ɗaki a Sakkwato, a sa yaro makaranta, a yi watannin rani ana jinya da sayayya, da hadari ya haɗo a komo. Dalili kuwa gona ce: wadda maigida ya daɗe bai taka ba, ƙannai da maƙwabta ke cin iyakarta kaɗan-kaɗan, kuma mai gari yakan fi sauraron wanda yake gani kullum a masallaci. Asarar da garuruwan ke yi ba ta fita a ƙididdiga. Fanshon da dā ake kashewa a kasuwar Tamaske ko ta Buza, mahauci da tela da mai kanti su samu, yanzu wani kaso nasa a Birnin Ƙwanni ake canza shi tun kafin ya iso gida.