Daga Mai Sayar da Katako Zuwa Jirgin Alhazai

Shekara da shekaru, maniyyacin Jangeru ko Shinkafi ko Zurmi yakan bi mota zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, ya hau wani ƙaton jirgi mai tozo a ka, bayan kimanin awa biyar sai ga shi a Jidda. Kakanninsa kuwa da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan, wasu sai sun yi shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Wannan jirgi mai tozo shi ne Boeing 747, kuma asalin kamfanin da ya ƙera shi sha'awar wani ɗan kasuwa ce.

William Boeing ba injiniyan jirgi ba ne, da cinikin katako ya yi arziki a yankin Seattle na Amurka. Tun da ya ga jirgi yana shawagi, abin ya shiga ransa, har ya koyi tuƙi ya sayi nasa. Da jirgin ya lalace aka ce kayan gyara sai bayan watanni, sai shi da abokinsa Conrad Westervelt suka ce gara su ƙera nasu. A 1916 ya kafa kamfani. Da yaƙin duniya na farko ya ƙare ciniki ya tsaya cik, har sai da masana'antar ta koma yin kayan ɗaki da kwale-kwale don kada a sallami ma'aikata duka. Da wani ne, da tuni ya koma wa katakonsa.

Jirgin 747 ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1970. An ƙera guda 1,574 kafin a miƙa na ƙarshe a Janairun 2023.

A ƙasar Hausa jirgi ba baƙo ba ne, domin tun a 1925 jirage suka sauka a Kano. Amma mallakarsa ta daɗe tana hannun gwamnati da Turawa, sai da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano a 1980. Daga baya Alhaji Ɗahiru Barau Mangal na Katsina, wanda ya taso a harkar sufurin mota, ya fito da Max Air a 2008, sannan Azman Air na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina ya fara jigila a 2014.

Dabarar Ɗankabo da Mangal ta Bahaushen ɗan kasuwa ce zalla. Ba su nufi masana'anta sayen sabo dal ba. Sun nemi 747 na hannu, wanda manyan kamfanonin waje suka gama moriyarsa, suka sa shi aikin da ya fi dacewa da shi: kwasar mutum ɗari biyar ko kusa da haka a sahu ɗaya, dukkansu wuri guda za su, lokaci guda. A ganina nan ne basirar take, domin Hajji kasuwa ce da ba ta yankewa.

Sai dai jirgi dabba ce mai ci ko tana aiki ko tana kwance. Tikitin cikin gida da naira ake sayarwa, amma kayan gyara da inshora da horar da matuƙa duk da dala ake biya. Babban gyaran da doka ta wajabta lokaci-lokaci, galibi sai an kai jirgin ƙasar waje. Ga inji huɗu na 747 masu shan mai ba ƙaƙƙautawa, abin da ya sa duniya ta koma wa masu inji biyu irin Boeing 777 da Airbus A330. Kabo Air, duk sunan da ya yi, yau ba ya tashi.

Ya kamata maniyyaci ya san cewa ba shekarun jirgi ne kaɗai ma'aunin lafiyarsa ba. Abin dubawa shi ne ko ana gyara shi a kan kari, kuma ko hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana sa ido yadda ya kamata. Jinkirin da ake yi a sansanin alhazai don injiniya ya ce sai an canja wani ƙarfe yana da ciwo, amma tashi ba tare da an canja shi ba ne ya cancanci a yi ƙorafi a kansa.