Labaran Bin Sawu na Ingila da Mai Karatu a Ƙasar Haɗejiya



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wani reshe na ƙagaggun labarai wanda ya bunƙasa a ƙasar Ingila, wato labaran da akan buɗe su da wani laifi, galibi kisan kai, sa'an nan a yi ta bincike sannu a hankali har a gano wanda ya aikata. Don sauƙin magana zan kira su labaran bin sawu. Nufina shi ne mu duba dalilin farin jininsu, da kuma abin da mutumin ƙasar Haɗejiya zai ƙaru da shi idan ya karanta su.

Masana da dama suna ɗaukar littafin Wilkie Collins mai suna The Moonstone, wanda ya fito a 1868, a matsayin ɗaya daga cikin na farko. Labari ne na ɓacewar wani dutse mai daraja da aka kwaso daga Indiya. A 1887 wani likita, Arthur Conan Doyle, ya ƙago Sherlock Holmes, mutumin da kan dubi takalminka da hannunka ya faɗa maka sana'arka. Agatha Christie kuwa ta fara a 1920 da tauraronta Hercule Poirot, kafin rasuwarta a 1976 ta rubuta littattafai 66 irin waɗannan. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980 sun fi sabawa da James Hadley Chase. Shi ma Baturen Ingila ne, amma nasa labaran na bindiga ne da kuɗi da guje-guje, galibi a Amurka. Waɗanda muke magana a kansu sun fi dogara ga aikin hankali.

Dalili na farko na farin jininsu shi ne cewa kacici-kacici ne mai tsawo. Kamar yadda yaro a dandali ba zai yarda a ba shi kacici-kacicin da ba shi da amsa ba, haka mai karanta waɗannan labarai. A 1929 wani limamin Kirista, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na rubuta su. Daga ciki akwai cewa lalle a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a warware matsala ta hanyar tsafi ko aljannu, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu. Saboda haka marubuci da mai karatu suna gasa ne a fili ɗaya, kuma idan aka kayar da kai, in ka koma baya za ka tarar amsar tana gabanka tun tuni.

Dalili na biyu shi ne ƙanƙantar wurin da labarin ke faruwa: gida ɗaya, ko jirgin ƙasa ɗaya, ko ƙauye ɗaya inda kowa ya san kowa. A 1930 Christie ta fitar da littafin farko na Miss Marple, wata dattijuwa mazauniyar ƙauye, wadda ba ta da makami sai sanin halin mutane. Idan aka kawo mata magana, sai ta tuna wani a ƙauyensu mai irin wannan hali. Duk wanda ya tashi a Auyo ko Guri ko Kafin Hausa ya san irin wannan tsohuwa, wadda ta san asalin kowane gida da tsohuwar gabar da ke tsakanin wane da wane.

Dalili na uku shi ne yadda ƙasar da kanta take shiga cikin labari, kuma a nan ne zan kawo misalin da ya fi kusa da mu. A 1934 Dorothy L. Sayers ta buga The Nine Tailors, ta kafa shi a wani yanki na gabashin Ingila da ake kira Fens, inda ta yi ƙuruciyarta. Shimfiɗaɗɗiyar fadama ce wadda aka janye ruwanta da magudanai da jinga tun ƙarni na 17. A labarin an tsinci gawar wani baƙo a cikin kabarin da ba nasa ba. Ana cikin bincike, mai kula da ƙofar ruwa yana ta kukan cewa ƙofar ta tsufa, hukumomi kuma kowace tana tura wa 'yar'uwarta alhaki. Daga ƙarshe ƙofar ta ɓalle, mutane suka kwashi iyali da dabbobi suka fake a majami'a, domin ita ce a kan tudu. Ba zan faɗa muku yadda baƙon ya mutu ba, kada in ɓata muku karatu. Amma mutumin da ya san yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar Kogin Haɗejiya, ya ga yadda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin ruwa, ya kuma kwana yana cika buhuna da ƙasa a ambaliyar 2020 da ta 2022, ba ya bukatar tafinta a wannan babi.

Dalili na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne matsayin hujja. A waɗannan labarai, wanda jama'a suka fara nuna wa yatsa, baƙo ne ko bara ko mai tsohon laifi, yawanci ba shi ne ya aikata ba. Mai bincike yakan tambaya: ƙarfe nawa abin ya faru? Wa ya gani da idonsa? Wa zai amfana? To, mu dawo fadamarmu, inda manomi da makiyayi da masunci suke cin abinci a ruwa ɗaya. Idan aka wayi gari an ɓarnata shinkafa, ko koma ta ɓace, sau nawa zargi kan faɗa a kan wanda ya fi kusa ko wanda ba shi da kowa, tun ba a duba sawu ba? Hausawa sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya, alƙalanmu kuma ba su hukunci sai da shaida. Yaron da ya saba da irin wannan karatu zai yi wuyar shiga taron da ke dukan wanda ake tuhuma.

Ba na cewa littattafan nan ba su da aibu. Yawancinsu rayuwar masu hali suke nunawa, kuma wasunsu suna ɗauke da rainin da Turawan zamanin mulkin mallaka suke yi wa baƙin fata da sauran baƙi. Wajibi ne malami ya nuna wa ɗalibansa wannan, su ɗauki tsaba su bar ƙaiƙayi.

A ƙarshe ina kira ga marubutanmu. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka fito a 1982, sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin laifi. Abin da nake fata shi ne wani ɗan wannan ƙasa ya ɗauki ƙauyen da ruwa ya yanke daga sauran duniya, da kwalekwale ɗaya, da mutum bakwai da kowannensu yake ɓoye wani abu, ya bi da mu cikin adalci har shafin ƙarshe.